Gwaggon Masu Ƙoda Ɗaya

Kafin masu shara su gama goge dogon barandan asibiti, Gwaggo takan riga ta iso. Jaka a kafaɗa, farin takalmin roba a ƙafa wanda dunduniyarsa ta cinye gefe guda, sai ta tura ƙofar ɗakin wankin ƙoda da gwiwar hannu, domin ta wanke hannu tun a famfon waje, ba ta son taɓa komai. Takan leƙa inda ake tace ruwa ta saurari kukan famfo, sannan ta bi injinan ɗaya bayan ɗaya tana kunnawa, tana yi musu magana kamar mai tashin yara. "Kai dai yau kar ka ba ni kunya," in ji ta ga tsohon injin da ke lungu. Sai ta buɗe wa marasa lafiya, waɗanda suka jeru a benci da kumburarrun ƙafafu, kowa da bargonsa a hammata, don mai wankin ƙoda yakan ji sanyi ko ana zafin da ƙadangare ke neman inuwa.

Kowa sai ya hau sikeli kafin ya kwanta. Wanda ƙodarsa ta daina aiki, ruwan da ya sha taruwa yake yi a jiki har sai inji ya janye shi, shi ya sa ake auna musu ruwa kamar magani. Akwai wani dattijo, tsohon direban babbar mota, da kullum sikeli ke tona masa asiri.

"Baba Direba, ruwa nawa ka sha jiya?"

"Wallahi kurɓa ɗaya, Gwaggo."

"To da bokiti ka yi kurɓar?"

Ɗaki ya ɗauki dariya, har da waɗanda suka shigo da hawaye. Daga nan ta zauna gefen gado, ta ɗora yatsu biyu a kan jijiyar hannunsa, ta soka allura ba tare da ya yamutsa fuska ba.

Ma'aikaciyar jinya ce, kuma a tsarin aiki Sista ya kamata a kira ta. Wani mara lafiya ne tun shekarun baya ya ce faɗanta irin na gwaggo ne, tana yi tana gyara maka bargo. Sunan ya bi ta, har babban likita ma da shi yake kiranta. A watan jiya ta ajiye aiki bayan shekaru talatin da ɗoriya, kuma da yake ba ta da mai buga mata ganga, yabon gwani ya zama dole.

Gwaggo ta fi kowa sanin cewa wankin ƙoda sayen lokaci ne, waraka tana ga dashe, wato a samu wani mai lafiya ya ba da ƙodarsa ɗaya. To a nan gizo ke saƙar. Da an ambaci dashe sai dangi su fara kallon ƙasa. Ba wanda ya ɗora mata aikin zama da dangi, ita ta ɗora wa kanta. Akwai wani ɗan ɗakin ajiya a bayan ɗakin wanki, cike da kwalaye, ta ture su gefe ta sa kujeru uku da fanka mai ƙara. A wannan ɗaki ba abin da kunnenta bai ji ba. An ce mata likitoci sayar da ƙoda suke yi. An ce wanda ya bayar ba ya kai shekara. An ce mace ba ta ƙara haihuwa, namiji kuwa ya zama hoto a gidansa. Ba ta taɓa yi wa kowa dariya ba. Takan ce wanda ya faɗi tsoronsa ya fi wanda ya haɗiye shi sauƙin magani.

Waɗanda suka yi aiki da ita suna da labarai da yawa, amma wanda ba sa gajiya da bayarwa shi ne na Tela.

Tela mace ce mai 'ya'ya ƙanana da shagon ɗinki a bakin kasuwa. Hawan jini ya cinye mata ƙoda ba ta sani ba, sai da ƙafa ta kasa taka keken ɗinki. Mijinta ya fara miƙa hannu a gwada shi, aka tarar jininsu bai zo ɗaya ba. Sai dangi suka yi zama, suka yanke cewa Auta, ƙaninta mai gyaran waya, shi zai bayar, tunda shi ne mai ƙuruciya a jiki. Suka rako shi asibiti su da yawa, mahaifiyarsu Inna a gaba, kowa na sa masa albarka.

Gwaggo ta dubi Auta ta ga gumi na bin wuyansa alhali fanka na kaɗawa a kansa. Ta ce kowa ya ba su wuri. Da ƙofa ta rufe, ta ja kujera kusa da shi.

"Ɗana, kai ka ce za ka bayar, ko ce maka aka yi?"

Ya shiga murza hularsa. Can sai hawaye.

"Gwaggo, ina son Yayata, Allah ya sani. Amma tun da aka ambaci sunana ban yi barci ba. Matata ga ta da tsohon ciki. In na ce a'a kuma, da wane ido zan kalli Inna?"

"Tsoro ba laifi ba ne," in ji ta. "Kuma mu nan ba ma karɓar ƙodar da aka murɗe wa mutum hannu ya bayar. Share fuskarka."

Ta je ta sami likita, suka yi magana. Abin da aka gaya wa dangi kawai shi ne Auta bai cika sharaɗin bayarwa ba, kuma gaskiya ne, domin yardar zuciya ita ce sharaɗi na farko. Auta da bakinsa ya ba da wannan labari daga baya. Daga bakin Gwaggo kuwa ba wanda ya taɓa ji.

Abin bai zo mata da sauƙi ba. Inna ta tsaya a baranda tana cewa an hana 'yarta magani, ta daina amsa gaisuwar Gwaggo. Ita kuma Gwaggo tana kallon Tela tana ramewa, fatarta na yin duhu, ta san da hannunta ta mayar da ƙodar da ta zo har bakin ƙofa. Wata abokiyar aikinta ta ce ta taɓa tarar da ita a ɗan ɗakin nan ta kifa kai a kan kwali. Ta tambaye ta ko tana nadama. Gwaggo ta ɗago ta ce, "Mai bayarwa ma nawa ne. Ba zan warkar da ɗaya in karya ɗaya ba."

Tela tana da wa, magini, mutum mai ƙarancin magana. Shi ke goya ta a baya ya hau da ita bene duk ranar wanki, domin na'urar hawa ta asibitin ta daɗe da mutuwa. Ranar nan, bayan ya kwantar da ita, bai koma wurin aiki ba. Ya tsaya a ƙofar ɗan ɗakin yana karkaɗe siminti daga wandonsa, har Gwaggo ta lura.

"Yayan Tela, shigo mana. Ƙofar ba ta cizo."

Ya zauna a bakin kujera. Ya tambayi ko mai ƙoda ɗaya na iya ɗaukar bulo. Ta ce yana iyawa, amma sai ya yi watanni yana hutawa tukuna. Ba ta shafa masa zuma a baki ba: ta ce tiyata tiyata ce, wuƙa ba ta da wasa, akan samu matsala jefi-jefi, kuma zai riƙa zuwa ana duba shi iya rayuwarsa. Ya gyaɗa kai. Sai ya yi ta kewaye-kewaye, ya kalli fanka, ya kalli kwali.

"Sannan kuma... mai ɗakina ta ce wai... ta ji ana cewa namiji in ya bayar..."

"Na gane," in ji Gwaggo, ba ko murmushi. "Ka zo da ita jibi. Gani ya kori ji."

Jibi na yi suka zo, suka tarar da wani ƙato zaune a ɗakin, hannunsa baƙi ƙirin da man taya. Mai faci ne, wanda ya ba mahaifinsa ƙoda shekarun baya, kuma Gwaggo ce ta riƙe shi a lokacin. Duk sa'ad da ta aika masa, yakan bar bakin titi ya zo. Ko gaisawa ba su gama ba ya ɗaga riga ya nuna tabo a gefen cikinsa.

"Malam, kalli nan. Tayar tirela nake juyawa ni kaɗai. Maganar gida kuwa, da ina da ƙoda biyu ɗai-ɗai ake haifa mini. Da aka cire ɗaya, tagwaye aka yi."

Matar Magini ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa don dariya. Magini kansa sai da haƙoransa suka fito. Gwaggo ta ce, "Kai kuma kar ka sa su zaci alkawarin tagwaye muke yi."

Saura Inna. Da ta ji babban ɗanta ne zai bayar, sai ta zo da kanta, ta zauna ba sallama. Ta ce ita ba mutuwa take tsoro ba, kowa zai mutu. Abin da ke hana ta barci shi ne ɗanta ya tashi gaban Ubangijinsa da jiki ba cikakke ba, a tambaye shi ina amanar da aka ba shi.

"Inna, wannan tambaya ta fi ƙarfina," in ji Gwaggo. "Ni allura na sani. Amma wane malami kika yarda da shi?"

Inna ta ambaci limamin unguwarsu. Ranar hutunta Gwaggo ta yafa mayafi ta bi su har zauren liman. Ta bayyana masa yadda aikin yake dalla-dalla, abin da aka sani da abin da ba a da tabbas a kai, sannan ta ja bakinta. Liman ya yi tambayoyinsa: kyauta ce ko ciniki? An tilasta shi? Likitoci na ganin zai rayu lafiya? Da ya gamsu, sai ya juya ga Inna.

"Hajiya, wanda ya halicci ɗanki tun ba shi da ko ƙashi, mayar masa da ƙoda ne zai gagare Shi? Ki sa masa albarka."

A hanyar komawa Inna ta kama hannun Gwaggo za su tsallaka titi, ba ta sake shi ba har suka kai tasha.

Da zuciyar mutane kaɗai ake fama, da an gama. Amma jinin da za a gwada a ga ko jikin Tela zai karɓi ƙodar wanta sai an kai shi wani ɗakin gwaji mai nisa, don nasu ba shi da kayan. Na farko da aka aika, mota ta lalace a hanya, ƙanƙara ta narke, jini ya ɓaci. Da aka sake ɗiba, Gwaggo ta nemi izini, ta rungume akwatin sanyin a cinyarta, ta shiga motar haya. Kwandasta ya ce a sa shi a but, ta ce sai dai ita a sa ta a but. Ta kai, ta dawo washegari da ƙafa a kumbure, ta wuce ɗakin wanki kai tsaye. Sakamako ya fito, jinin ya dace.

Ana cikin murna sai likitan da ke yin dashen ya samu aiki a ƙasar waje ya tafi, kamar yadda na gabansa ya tafi. Gwaggo ba ta zage shi ba, ta san yadda ya yi ta aiki da kayan aro. Ta hau ofishin shugaban asibiti ta zauna. Shi ma ba mugu ba ne, mutum ne da aka ba gammo ɗaya aka ɗora masa kayan mutum goma. Ya ce ta yi haƙuri. Ta ce haƙurin akwai, Tela ce ba ta da lokaci. Ta riƙa dawowa, ba faɗa ba hayaniya, ta gaishe shi ta zauna, har ya zamana in ya hango ta sai ya ɗauki waya ya fara neman tsofaffin abokan karatunsa. A ƙarshe wasu likitoci daga wani asibiti suka yarda za su zo su yi aikin, amma sai bayan watanni. A cikin watannin ta bi kantin maganin asibiti da ƙungiyar tsofaffin marasa lafiyarta, har aka tabbatar maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙoda ba zai yanke wa Tela ba, domin ta sha ganin dashe ya yi kyau, rashin magani ya rushe shi.

A cikin wannan jira Baba Direba ya rasu. Gadonsa na kusa da na Tela, shi ke ba ta labarin hanya in jiri ya ɗebe ta. Bai samu mai ba shi ba, kuma jikinsa ya gaji. Ranar da Tela ta zo ta ga an shimfiɗa wa wani gadon, sai ta juya fuska bango.

"Gwaggo, ki ce wa Yaya ya bari. Ni tawa ta ƙare. Kar a yanka shi a banza, 'ya'yansa su rasa, nawa su rasa."

Gwaggo ta gama haɗa ta da inji, ta ja bargo ta rufe mata ƙafa, sannan ta zauna.

"Jikinki ne, in kin ce a'a ba mai yi miki dole, kamar yadda ba a yi wa kowa dole a ɗakin nan. Amma ba ni zan kai saƙon ba. Ga shi can a baranda, ki faɗa masa da bakinki."

Aka kira Magini. Tela ta maimaita. Ya tsaya yana kallonta, hannu a baya.

"Kin gama?" in ji shi. "Ni bayana ya gaji da hawa bene da ke. Ki karɓa ki riƙa hawa da ƙafarki."

Tela ta yi dariya da kuka a haɗe, ba ta sake tayar da maganar ba.

Ranar aiki da safe, Gwaggo ba ta cikin masu shiga ɗakin tiyata, amma ta bi gadon Magini har bakin ƙofa. Ta sunkuya ta ce masa a hankali, "Har yanzu kana iya fasawa, ba mai jin komai."

"Haba Gwaggo, kin tambaye ni har na haddace. Ku tura mu je."

Ta koma ta zauna da Inna a benci. Auta na gefe, shi ya kawo jinin da za a ajiye saboda ko-ta-kwana, nasa da na abokansa. Rana ta take, ta karkata. Can likita ya fito yana cire abin rufe baki, ya ce duka biyun suna lafiya, kuma sabuwar ƙodar ta fara aiki tun a kan tebur, fitsari na zuba. Inna ta miƙe ta ɗaga hannu sama.

"Fitsari! Alhamdulillahi, 'yata ta yi fitsari!"

Duk barandan ya juyo, ita ko a jikinta. Gwaggo kuwa ta sulale ta koma ɗakin wanki, domin akwai waɗanda lokacin cire su daga inji ya yi. Waɗanda ke kwance a ranar sun ce tana cire allura hawaye na ɗiga a kan safar hannunta, tana cewa fankar ce ke sa mata ruwan ido.

Yau Tela na kan kekenta a bakin kasuwa, tana shan maganinta safe da yamma, tana faɗa da masu cewa ɗinkinsu ya makara. Magini ya koma kan katanga, sai dai ya ce yanzu ya fi son aikin awo da ɗora bulo, ɗauka kuwa na yara ne.

Gwaggo, ke ce ba ki taɓa riƙe wuƙar tiyata ba, amma da yawa ba su kai gaban mai wuƙar ba sai ta hannunki. Ke ce mai jin tsoron mutum ba ki raina shi ba, mai faɗin gaskiya ko za ta kori mai bayarwa. Kin yi aiki inda wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar wanki, inda inji ɗaya ke jiran mutum biyar, inda likita ke ƙwarewa yau gobe a yi masa rakiya filin jirgi. Kin binne da yawa, ba mu ce ba ki binne ba. Amma ba wanda ya tafi yana cewa Gwaggo ta yi masa ƙarya. Uwar marasa lafiya, inuwar masu jinya, sannu da aiki.

Ranar da aka yi mata bankwana a harabar asibiti, an yi jawabai masu tsawo. Sai Mai Faci ya karɓi lasifika ya ce shi bai iya jawabi ba, roƙonsa ɗaya ne: duk wanda ke rayuwa da ƙoda ɗaya a wurin nan, wanda ya bayar da wanda aka ba, ya tashi tsaye. Kujeru suka fara motsi. Wata malamar makaranta ta tashi da ƙanwarta, wani ɗan kasuwa da matarsa, wata uwa da ɗanta da ya fi ta tsawo, Tela da Magini a can baya. Aka yi ta tashi har masu ɗaukar hoto suka ja da baya don su samu kowa. Gwaggo, wadda ba a taɓa ganin magana ta ƙare mata ba, ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Ku zauna mana, kun sha maganinku kuwa?"

Mun gode, Gwaggo. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya sa waɗanda kika koya wa aiki su gaje ki har da halin. Masu riƙe da asibitoci kuma, a dubi Allah a gyara, kada a bar mutum ɗaya yana toshe ramin da hukuma ya kamata ta cike. Mu kuwa sauran jama'a, in ciwo ya shigo gida aka ambaci dashe, kada mu yanke hukunci da jita-jitar bakin titi. Mu je mu tambaya, mu ji daga masu sani, sannan kowa ya duba zuciyarsa. Wanda ya iya bayarwa ya yi babban abu, wanda bai iya ba akwai jini, akwai rakiya, akwai zama kusa da mai jinya.

Hutun ma ba ta iya shi ba. Ta sa benci a ƙofar gidanta, ta sayi abin awon hawan jini, ta ce gara ta tare mutane tun a unguwa kafin su kai ɗakin da ta baro. Mai kayan miya, mai gadi, ɗan acaɓa, ba wanda take ƙyalewa. Saboda haka in hanya ta bi da kai ta layinsu da safe, ka ji wata dattijuwa ta ce, "Kai, zo nan, yaushe rabonka da awo?" kada ka ce sauri kake yi. Ka zauna, ka naɗe hannun riga.